Agogon Libreville Ba Ya Motsi, Na Maƙwabta Ne Ke Rawa

Ina gaishe ku daga nan birnin Libreville, bakin teku. Gaisuwa ga mutanen kasuwar Mont-Bouët da ke shirin rufe rumfa. Gaisuwa ga direbobin da ke jiran lodi a tashar jiragen ruwa ta Owendo, da iyayenmu na Oyem da Bitam can arewa. Wanda kuma ke jin mu ta wayar salula daga Kano ko Maraɗi, kai ma sannu da ƙoƙari.

Yau maganar agogo za mu yi. Agogon da nake nufi shi ne wanda ke ɓoye cikin manyan kwamfutocin nan da ke riƙe da kuɗinmu, da tikitin jirginmu, da saƙonninmu. Masu sana'ar suna ce musu saba. Wasu malamanmu na Hausa suna ce musu uwar garke, don su ne sauran kwamfutoci ke bi. Ni ma da wannan sunan zan kira su.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Nan Libreville kusan a kan layin da ya raba duniya biyu muke zaune. Tsakaninmu da shi bai kai kilomita 50 ba. Rana takan fito tsakanin ƙarfe shida da shida da rabi, ta kuma faɗi kusan a daidai wannan lokaci da yamma. Ko da wane wata azumi ya faɗo, tsawon yininmu kusan ɗaya ne. Saboda haka Gabon ba ta juya agogo. Awa ɗaya muke gaban agogon GMT, damina da rani, daidai da Najeriya da Nijar da Kamaru.

To, sai wani ya ce, Malam, in haka ne ina ruwanmu? Ina ruwan biri da gada?

Ga amsar, kuma ita zan yi ta nanatawa har ƙarshen shirin nan. Agogonmu ba ya motsi, amma agogon waɗanda muke hulɗa da su yana motsi. Kwamfutar da ba a sanar da ita wannan motsi ba, za ta yi mana ƙarya, kuma ba za ta san ƙarya take yi ba.

Mu ɗan leƙa asalin al'adar. A Turai tsawon yini yana canzawa ƙwarai. A watan Yuni, rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen ƙarfe goma na dare. A watan Disamba kuwa, kafin biyar na yamma ta yi sallama. Shi ya sa suka ƙirƙiro dabarar tura agogo gaba da awa ɗaya in bazara ta shigo, a komo da shi baya in hunturu ya gabato. Jamus ce ƙasar da ta fara yin haka, a 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, don tsimin kwal. Faransa ta yi, ta bari, sannan ta dawo da abin a 1976, bayan tashin farashin man fetur na 1973. Ku duba ikon Allah. Tsadar man da ta cika baitulmalin Gabon har aka shiga shimfiɗa layin dogo daga Owendo, ita ce ta sa Bafaranshe komawa juya agogo.

A yau ƙasashen Tarayyar Turai suna turawa gaba ranar Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su komo baya ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu ɗaya da Paris. Sauran watannin kuwa Paris na gaba da mu da awa guda. Landan kuma akasin haka take. Amurka tata ranar daban. Tun 2007 suke turawa a Lahadi ta biyu ta Maris, su komo a Lahadin farko ta Nuwamba. Ma'aikacin mai a Port-Gentil da ke taro ta waya da ofishin Houston da na Paris ya san wahalar watan Maris. Akwai makonnin da wancan ya motsa, wannan bai motsa ba tukuna.

Yanzu mu zo kan tambaya ta gaba. Ta yaya kwamfuta take sanin duk wannan?

Kwamfuta ba ta duban rana. Ba ta jin kiran salla. Yawancinsu ƙirga kawai suke yi, daƙiƙa bayan daƙiƙa, tun daga farkon shekarar 1970 agogon GMT. In ka tambaye ta ƙarfe nawa a Kasabalanka, sai ta ɗauki wannan ƙirga, ta buɗe wani kundi da ke cikinta, ta duba dokar Maroko, sannan ta ba ka amsa. Kundin nan shi ne zancenmu na yau. Sunansa a wurin masu sana'a tzdata. A cikinsa aka rubuta dokar agogon kowace ƙasa, ta da da ta yanzu, da ranar da kowace gwamnati ta ce a tura ko a komo.

Za ku ɗauka wata babbar hukuma ce ta duniya ta kafa shi. Ko kusa. Wani ma'aikacin cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, Arthur David Olson, shi ya fara haɗa shi a 1986, aikin sa kai. Daga baya ragamar ta koma hannun Paul Eggert, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles. Mutane daga ko'ina suke aiko musu da labari, wannan ya ga sanarwa a jarida, wancan ya ji a rediyo. A 2011 ma wani kamfanin manhajar masu duba da taurari ya kai su ƙara, wai sun kwashi bayanai daga littafinsa. Aka rufe wurin da ake ajiye kundin na wasu kwanaki. Hankalin masana ya tashi, har hukumar ICANN mai kula da sunayen intanet ta karɓi ajiyarsa. An janye ƙarar a 2012. Wayar da ke hannunki, Hajiya, da kwamfutar bankin da kike ajiya, akasarinsu da wannan kundi suke aiki.

Ga wani abin da zai ba ku dariya. In ka buɗe kundin ka nemi Libreville, za ka ga sunan, amma a gabansa nuni kawai aka yi, wai je ka duba Legas. Haka Yamai. Haka Duwala da Kinshasa da Luwanda. Dalili shi ne, masu kundin sun haɗa garuruwan da agogonsu bai saɓa ba tun 1970, suka ba rukunin sunan birni mafi yawan jama'a. Kano ba ta samu shiga ba, Abuja ma haka. Don haka a idon kwamfuta, ɗan Gabon da Bakatsine duk mutanen Ikko ne.

A nan akwai bambancin da nake so ku riƙe. Saita agogo daban, sabunta kundi daban. Uwar garke takan tuntuɓi wasu na'urori ta intanet don ƙirgarta ta zauna daidai. Wannan yana tafiya da kansa. Amma kundin dokokin, sai an sauko da sabo an ɗora. Ku ɗauki misalin ɗan canji a Wapa. Ya iya lissafi, ba ya kuskuren ƙirga ko na kwabo. Amma in da farashin watan jiya yake canza maka sefa, ai asara ta tabbata, ko taka ko tasa. Haka kwamfutar da kundinta ya tsufa take. Ƙirgarta daidai, fassararta kuskure.

Me ke sa kundin tsufa? Gwamnatoci. Rana ba ta taɓa canza ra'ayi ba, amma mahukunta suna canzawa, wani lokaci ma dare ɗaya.

Mu fara da maƙwabciyarmu ta cikin teku, Sao Tome. Agogon GMT take bi shekara da shekaru. Ranar 1 ga Janairun 2018 ta tura agogonta gaba, ta yi daidai da mu. A lokacin, sunanta a kundin nuni ne kawai zuwa Abijan, kamar yadda namu yake nuni zuwa Legas. Dole aka raba su, aka buɗe mata nata shafi, kuma gyaran bai fito ba sai bayan canjin ya riga ya fara aiki. Shekara guda cif, ranar 1 ga Janairun 2019, suka koma inda suka fito. Aka sake gyara. Duk kwamfutar da ta karɓi gyaran farko ba ta karɓi na biyu ba, har yau tana nan tana cewa agogon Sao Tome ɗaya da na Libreville. Wannan ba Turai ba ce, jama'a. Tsallaken ruwa ne kawai.

Sai Maroko, kuma a nan zan ɗan daɗe, don zumuncinta da Gabon ba ɓoyayye ba ne. Ga masallacin Hassan na Biyu nan a tsakiyar gari. Ga 'ya'yanmu da ke karatu a Rabat da Fas. Ga jirgin Kasabalanka da fatakenmu ke hawa. Tun 2007 kamfanin Maroc Telecom ke riƙe da kaso mafi tsoka a Gabon Telecom. To, a watan Oktoban 2018, ana saura kwana biyu a komo da agogo baya, ranar Juma'a, gwamnatin Maroko ta ce an fasa. Za a zauna a awa ɗaya gaban GMT. Masu kundin suka fitar da gyara a ranar. Amma gyara ya fito daban, ya isa wayar kowa daban. Ranar Lahadi wayoyi da yawa suka bi tsohuwar doka, suka komo baya da kansu. Mutane suka wayi gari agogon bango na faɗin wani abu, waya na faɗin wani.

Ba a nan ta tsaya ba. A shekarun da suka biyo baya, duk lokacin da azumi ya gabato sai Maroko ta komo agogon GMT, bayan salla ta sake turawa. Kun san kuwa azumi da ganin wata yake tafiya. Masu kundin sai dai su yi hasashe, in sanarwar hukuma ta saɓa, su gyara. A 2023 sun gyara ranar komawar da mako guda. Uban da ya saba kiran ɗansa a Rabat ƙarfe takwas, da azumi sai ya tarar a can bakwai ce. Wannan ƙaramin abu ne, a yi dariya a wuce. Amma in manhajar ofishin sayar da tikiti ce ta ruɗe, ko tunatarwar taron da aka tsara tun wata biyu baya, dariyar takan ragu.

Na Labanan ya fi kowanne tayar da ƙura, kuma 'yan kasuwar Labanan da ke nan garin za su ba ku labari. Ranar Alhamis 23 ga Maris 2023, farkon azumi, gwamnatin Najib Mikati ta ce an ɗage tura agogo da aka shirya yi daren Asabar, sai ƙarshen azumi. Cocin Maronawa ta ce ba ta yarda ba. Wasu makarantu da gidajen talabijin suka bi ta. Ƙasa ɗaya, ƙarama, ta kwana da agogo biyu. Ranar Litinin gwamnati ta janye, aka tura agogon daren Laraba. A cikin wannan mako guda, sau uku masu kundin suka fitar da sabon bugu. Na farko saboda Masar da Maroko da wasu, na biyu don bin umarnin Beirut, na uku don warware na biyun.

Masar ma ta taɓa soke nata ana saura kwanaki kaɗan, a 2016, ta kuma dawo da shi a 2023. Turkiyya ta ɗage nata da mako biyu a 2015 saboda zaɓe. Ba sai na yi ta jero su ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Agogonmu ba ya motsi, amma na Kasabalanka da Alƙahira da Beirut yana motsi, kuma can ne hanyarmu ta fatauci da karatu da neman magani.

To, yanzu mu bar laifin gwamnatoci, mu dawo kan namu.

Ni kaina abin ya taɓa cin ni. Na sayi wata kwamfuta ta hannu, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, a cikin watan Janairu. Na duba agogonta, daidai. Wata biyu muna zaman lafiya. Wata safiyar Lahadi a ƙarshen Maris na buɗe ta, na ga ta yi gaba da awa guda. Na ce batiri ne. Na mayar da ita da hannu. Kwana kaɗan ta sake tsallakewa. Sai da wani yaro ɗan makaranta ya duba, ya ce, Baba, ai ita a saninta a Paris take. Ashe a wurin zaɓen yanki an bar ta a layin nan mai sunayen Brussels da Copenhagen da Madrid da Paris. Wanda ya sayar mini bai canza ba, don a Janairu ba a ganin bambanci. Kayan Beljiyam, agogon Beljiyam.

Wannan kuskure nawa na gida ne. Ku auna shi a kan kamfani. Ƙananan kamfanoni da yawa a ƙasashenmu masu Faransanci hayar uwar garke suke yi a Faransa. Tana zuwa da agogon Paris ko na GMT. In na Paris ne kuma ba wanda ya kula, to daga ƙarshen Maris duk rasit zai fito da awa guda a gaba. Saƙon tunatarwa da aka tsara ƙarfe bakwai zai isa ƙarfe shida. Cinikin da aka yi ƙarfe sha ɗaya da rabi na daren ƙarshen wata zai faɗa lissafin sabon wata. Akawu ya yi ta neman kuɗin da ba su ɓata ba.

Akwai ma wani abin da ya fi wannan ban mamaki. A daren da Faransa ke turawa gaba, daga ƙarfe biyu sai uku. Biyu da rabi babu ita sam. A daren komowa kuwa, biyu da rabi sau biyu take zuwa. To, masu kula da na'urori suna son tsara aikin dare a irin wannan lokaci, kamar kwafe bayanai don ajiya, ko rufe lissafin yini. Ya danganta da manhajar, aikin na iya tsallake dare guda, ko ya gudana sau biyu. Ku yi tunanin cire kuɗin wata daga asusun mutum sau biyu.

Saboda haka ina da magana da matasanmu masu wannan sana'a, na bankuna da na ma'aikatu da na ofisoshin tafiye-tafiye. Ku bar uwar garke a agogon GMT, a fassara wa mutum lokacin garinsu sa'ad da za a nuna masa. Abin da ya riga ya faru, a rubuta shi da GMT. Abin da ke tafe kuwa, kamar taro ko tashin jirgi, a rubuta lokacin garin tare da sunan garin, don doka na iya canzawa kafin ranar ta zo. Ku sabunta kundin duk sa'ad da sabo ya fito. Ku kuma tuna ba kwafi ɗaya ne a gidan ba. Babbar manhaja tana da nata. Java yana tafe da nasa. Wasu rumbunan bayanai suna ajiye nasu daban. Windows ma tsarinta daban. Ka gyara ɗaya ka bar uku, ka share tsakar gida ne ka bar ɗakuna. Bayan sabuntawa, manhajojin da suka daɗe suna aiki sai an tashe su an sake kunnawa, in ba haka ba tsohon karatu za su ci gaba da yi. Sannan a gwada. A tambayi na'urar, ranar kaza ƙarfe nawa ne a Alƙahira, a ga abin da za ta ce. Abin da na yi na juya agogo da hannu kuwa, kada ku kuskura. Ka gyara abin da ido ke gani, ka ɓata ƙirgar da ke ƙasa.

Na san abin da wasunku za su ce. Za su ce abin da ke aiki ba a taɓa shi, kuma sabuntawa ta sha rusa musu aiki. Gaskiya ne, ban musa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma kundin nan bayanai ne kawai, nauyinsa bai kai na hoto ɗaya da ake ɗauka da waya ba. Akan iya sabunta shi shi kaɗai, ba tare da an taɓa sauran ginin ba. Inda matsalar take da gaske shi ne tsofaffin wayoyi da na'urorin da kamfanoninsu suka daina aiko musu da gyara. Irinsu ne suka cika kasuwanninmu. Waɗannan ba su da magani sai kula. In za ka yi tafiya da irinta, kada ka ba ta amanar lokacin jirgi.

In kun tambaye ni ra'ayina kan al'adar kanta, ni dai ban ga ribar da ta kai wahalarta ba. Namibiya ta yi ta fiye da shekara ashirin, ta ajiye a 2017. Burazil ta ajiye a 2019. A 2019 ɗin ne kuma majalisar Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar a daina, amma ƙasashen suka kasa daidaitawa kan agogon da za a zauna a kai, maganar ta kwanta. Wannan matsalarsu ce. Abin da ya dame ni shi ne shugaban da zai tashi ranar Alhamis ya canza agogon ranar Lahadi. Masu kundin sun daɗe suna roƙon gwamnatoci su ba da sanarwar shekara guda. Roƙo ne mai sauƙi. In wata rana wani a Libreville ko Abuja ko Yamai ya yi sha'awar taɓa agogo, ya tuna cewa sai an fara raba sunayenmu a kundin, sannan gyaran ya bi layi har ya kai wayar mai shayi.

Agogonmu ba ya motsi, na maƙwabta ne ke rawa. In kiɗansu ya canza, dole na'urarmu ta ji.

Jama'a masu sauraro, kafin ku kwanta yau, ku ɗauki wayarku ku shiga wurin saita rana da lokaci. Ku duba sunan garin da ke rubuce. In kun ga Libreville ko Legas ko Afirka ta Tsakiya ta Yamma, to madalla. In kun ga Paris, ku canza, ko da lokacin ya yi daidai a yau, musamman in da ita kuke duba lokacin sahur da buɗa-baki. Wanda bai iya ba ya miƙa wa yaran gida, minti ɗaya ya ishe su. Mai shago ko ofis kuma, gobe ka tambayi yaron da ke kula maka da na'ura yaushe rabonsa da sabunta kundin lokaci.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a daidai wannan lokaci, agogon Gabon da Najeriya da Nijar.